Ƙasar Sawun Yaya

Aikina a ƙungiyar makiyaya ta Tanut riƙon makullai ne, ko da yake a takardar ɗaukar aiki an ba shi wani dogon suna na Faransanci. Ni ke kula da biro, wato ofishinmu, da mangazar dusa da angurya da ke Gangara, da shingen allurar dabbobi a Tenhya, da wani masauki a Belbeji, da jerin ɗakunan ma'aikata da ke bayan biro. Firjin allura, babura, kujeru, duk a wuyana suke. Kayan sun fi ƙarfin kan mutum ɗaya. An taɓa yin wata da watanni ana neman wani injin jan ruwa, na yi faɗa da kowa a kansa, ashe yana Gangara an shimfiɗa masa buhu ana zama a kai. Don haka da masu ba mu tallafi suka ce dole mu sayi manhajar kula da gine-gine da kaya, kuma ni zan zaɓa, ban yi gardama ba. Ina da baki, kowa ya shaida, amma a kan wannan na yi shiru.

Ɗakunan ma'aikatan a jere suke suna kallon gabas, na ƙarshe yana jikin katanga kusa da wata aduwa. Wannan ɗakin yayana ne. Shi ne direban ƙungiyar tun kafin a ɗauke ni, shi ma ya yi mini hanya. Lokacin da zancen zinariya ya cika gari, samarin Damargu suka riƙa ɗaure kaya suna yin arewa, shi ma ya nemi hutu ya ce zai je ya gwada sa'a, kafin kaka ya dawo. Da farko yana kira, murya tana yankewa, yana tambaya ko an canja wa mota mai. Daga baya kiran ya ɗauke. Cikin waɗanda suka dawo, wani ya ce ya gan shi a bakin wata rijiya, wani ya ce ya ƙetara iyaka, wani kuma ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Kaka ta zo ta wuce har na daina lissafi.

Safiyar da zai tafi, Inna ta zo rakiya. Da ya taka bakin ƙofa ya wuce, ta durƙusa ta kwashe ƙasar da sawunsa na dama ya bari, ta ƙulle a wani ƙyalle, ta rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin. Haka tsofaffin matan wajenmu suke yi wa matafiyi: muddin sawunsa yana ɗaki, ƙafar za ta biyo shi gida. Malamai ba sa so, Inna ma ta san ba sa so, shi ya sa ta yi da sauri tana waiwaye. Ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma taɓa cewa tana kewarsa ba. Abin da take yi shi ne duk Juma'a da hantsi ta taho daga unguwarmu, ta share ɗakin, ta zubar da ruwan randa a gindin aduwa ta cika sabo, ta share ƙofar har tsintsiya ta bar zane a kan yashi, ta maida kwaɗo. A gidan nan kaf babu mai cewa ɗakin ba kowa. In baƙo ya tambaya, sai a ce mai ɗakin ya fita.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijon makiyayi mai rawani, shi ya bar ɗakin haka don girman Inna. To amma a wannan shekarar an kawo mana sabuwar likitar dabbobi daga Belbeji, da jaririyarta a baya, kuma babu ɗakin da za a ba ta. A zauren taro take kwana, tsakanin firjin allura da tarin kujeru, kullum da safe ta naɗe tabarma kafin mutane su shigo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, wanda ya fi ƙorafin ciwo. Shugaba yakan wuce ta ya gaishe ta, ya kalli ɗakin ƙarshe, ya kalle ni, ya gyara rawani. Ranar da ya ce mini ita manhaja ba ta jin kunyar kowa, abin da ta nuna shi za a bi, sai na gane inda aka dosa. Ba shi da bakin da zai ce wa Inna a buɗe ɗakin, shi ne yake so na'ura ta faɗa a madadinsa. Kuma cewa ɗakin ba kowa, a wurin Inna, daidai yake da cewa ɗanta ya mutu.

Mutum biyu suka zo tallar manhajarsu. Na farko daga Damagaram, wani siriri mai haƙuri. Tasa ba ta buƙatar rezo, wato sabis ɗin waya, abin da ya dace da mu, don a Tenhya sai ka hau tudun yashi ka ɗaga waya sama kafin ta kama. Ya bi ɗakuna yana aunawa yana zana su a ɗan allonsa na hannu. Da ya isa ɗakin ƙarshe ya tambayi mai gadi, mai gadi ya ce mai ɗakin ya fita. Bawan Allah nan ya nemi gindin aduwa ya zauna jiran mai ɗaki. Ina hango shi ta tagar biro, yana duba agogo yana korar ƙuda, har inuwa ta gusa ta bar shi a rana. Dole na fita na gaya masa gaskiya. Ya ba ni haƙuri sosai, sannan ya nuna mini cewa a manhajarsa ɗaki hali biyu gare shi, ko akwai mutum ko babu, kuma ba a rubuta akwai sai da sunan ma'aikacin da ke bakin aiki. Ya taɓa allon, gurbin ɗakin Yaya ya koma fari fat. Na ce masa ya je za mu neme shi.

Na biyu daga Yamai ya zo, da turare da takalmi mai tsini wanda yashinmu ya yi ta haɗiyewa. Tasa mai tsada ce kuma ba ta motsi sai da rezo, amma tana zuwa da wasu ƴan na'urori kamar akwatin ashana da ake mannawa saman ƙofa daga ciki. Ya ce su idanu ne, suna jin ɗumin jikin mutum da motsinsa. In akwai mutum a ɗaki gurbinsa a allo ya yi kore, in babu ya yi fari, ba sai wani ya rubuta komai ba. Ya ce zai bar mana su mu gwada kafin mu yanke shawara. Shugaba ya ji daɗin wannan, ya ce a manna a kowane ɗaki, ya maimaita kowane ɗin yana kallon ƙasa. Ni na buɗe masa ɗakin Yaya da hannuna. Da zai hau kujera kafaɗarsa ta taɓa ƙullin da ke bayan ƙofa, ya tambaye ni mene ne, na ce masa ya yi aikin da ya kawo shi.

Kwanakin farko abin wasa ya zama. Mai gadi yakan shiga ɗaki ya fito don kawai in gaya masa ya yi kore. Wata rana bayan azahar, lokacin da rana ke tsakiyar dukanta, ko akuya ba ta yawo, ina zaune ni kaɗai a biro ina shigar da lambobin babura, sai idona ya faɗa kan jerin ɗakunan. Duk farare ne, masu su suna daji wajen allura. Na ƙarshe ne kaɗai kore.

Na fara cewa Inna ce, sai na tuna Talata ce ba Juma'a ba. Na ɗauki makulli na fita. Kwaɗo yana rataye a inda yake. Zanen tsintsiyar Inna yana nan a kan yashi, ba sawun kowa a kai sai na ƴan tsuntsaye. Na tsaya na saurara, ban ji komai ba sai ƙarar kwanon rufi da zafi ke sa shi yi. Na yi bisimilla na buɗe. Ɗakin da sanyi kamar kullum, ga gadon ƙarfe da tabarma a kai, ga randa da faifai a bakinta, ga tsohuwar rigarsa ta aiki a ƙusa, har yanzu da ɗan warin man mota. Na leƙa ƙarƙashin gado, na ɗaga faifai, na girgiza rigar. Ko ƙadangare ban gani ba. Na rufe na koma biro, na zauna ina kallon koren nan ban taɓa komai ba. Ladanin masallacin unguwa yana ɗaga murya na la'asar, gurbin ya koma fari.

Washegari haka, jibi ma haka. Bayan azahar ya yi kore, da kiran la'asar ya ɗauke. Na buga wa mutumin Yamai na zazzage masa, na ce ya kawo mana kayan banza. Ya ce zafin kwano ne, ko jemage, ko ɓera. Na ce masa ɗakunan duka kwano ɗaya ya rufe su, kuma ban taɓa jin ɓeran da ke tashi da kiran salla ba. Ya aiko da sabuwar na'ura a motar kasuwa, mai gadi ya cire tsohuwar ya manna ta. Ba abin da ya canja.

Abin da ban gaya wa mutumin Yamai ba shi ne wannan lokacin Yaya ne. Duk ranar da ba ya kan hanya, in ya yi azahar ya ci abinci, sai ya shiga ɗaki ya sha ruwan randa ya miƙe a kan gadon nan, ya ɗora hula a fuska. Wanda ya tashe shi kafin la'asar zai sha faɗa, ni na fi kowa shan sa. Ladan na kira kuwa zai fito da buta, da zanen tabarma a kumatu.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na daina zama ni kaɗai da tsakar rana, ina jan likitar da hira don ta zauna kusa da ni da jaririyarta. Amma ƙarƙashin tsoron akwai wani daɗi da nake ji, kuma akwai dabara. Shugaba da bakinsa ya ce abin da manhaja ta nuna shi za a bi. To ga shi ta nuna akwai mutum. In na zaɓi ta Yamai, ɗakin ya tsira, ba wanda zai ce wa Inna komai, likita kuwa sai a nema mata haya a gari. Na kai wa Shugaba allon da tsakar rana na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya karanta abin da ya karanta a cikin rawaninsa, ya tashi ya fita. Daga ranar ya daina bi ta bayan biro.

Da yammacin Alhamis na je wa Inna da labarin, ina ganin albishir na kai mata. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Na yi mata bayanin idanun da kore da fari, na gaya mata lokacin da yake zuwa da lokacin da yake ɗaukewa, na ce yanzu ba mai taɓa ɗakin. Ina magana ina dariya. Ita kuwa hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta tambaye ni ko kwaɗon a rufe nake samunsa, na ce a rufe. Ta tambaye ni ko akwai sawu a ƙofa, na ce babu. Na zaci ba ta gane ba, na fara maimaita mata.

Ta ce, "Na ji ki, ƴar nan. Mai rai ta ƙofa yake shiga, kuma yana barin sawu."

Dariyar ta maƙale mini. Ni duk kwanakin nan ban bar kaina na kai tunanin can ba. Ta ci gaba da tankaɗe, ta ce gobe ba da hantsi za ta zo ba, sai an sauko daga masallaci, tana so ta gani da idonta.

Ta zo da tsintsiyarta kamar kullum. Inna ba ta taɓa shiga biro ba sai ranar, ta cire takalmi a ƙofa, ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa. Na ajiye mata allon a gabanta na nuna mata gurbin. Gidan shiru, an sauko amma ma'aikata ba su dawo daga masallaci ba tukuna, likita tana zaure tana shayar da ƴarta. Ina ta addu'a a raina kada ya zo yau, in ce mata na'ura ce ta lalace. Muna zaune fari ya juya kore a gaban idonmu. Inna ba ta firgita ba. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta kai yatsa kamar za ta shafa, ta fasa. Sannan ta dafa ƙasa ta miƙe ta ce in ɗauko makulli.

A ƙofar ɗakin ta yi sallama, ta ɗan jira kamar yadda ake jiran amsa. Na buɗe kwaɗon, na tsaya daga waje. Ta shiga ta tsaya a gefen gadon, ta yi magana a hankali, da irin muryar da ake yi wa mai barci.

"Sannu da hanya. Ashe kullum sai ka yi wannan doguwar tafiya saboda ni. Ka yafe mini, ni na riƙe ka."

Ban taɓa jin ta yi masa magana mai tsawon wannan ba, ko yana nan. Ta juya bayan ƙofa ta sauke ƙullin daga ƙusa. Ƙyallen ya ƙeƙashe, ya yi launin bango. Ta riƙe shi da hannu biyu ta fito, ta ce mini mu je.

Muka bi ta bayan tasha da ƙafa cikin ranar nan, har muka fita gari inda kwalta ta miƙe ta yi arewa. Ba mota, ba mutum, sai wasu raƙuma can nesa a gindin ƙaya. Ta sauka gefen hanya ta durƙusa, ta yi ta fama da ƙullin, ya ƙi kwantuwa, sai da ta sa haƙori. Ƙasar ba ta fi cikin tafin hannu ba. Ta zuba ta a hankali, ta shafe da hannu har ta gauraya da sauran yashin, ta yi masa addu'a, na amsa. Da muka juyo ta ce in gaya wa Shugaba ta gode da haƙurin da aka yi da ita, a ba baiwar Allah nan mai goyo ɗakin, randar ma a bar mata. Ta ce da safe za ta jiƙa gero a yi gumba, a kira liman.

Aka yi sadaka, mutane suka zo gaisuwa, na zauna cikin mata ina amsa "sai haƙuri" idona a bushe. Har wata gwaggonmu ta ce zuciyata ta yi tauri. Ni dai ban ji kamar an yi mutuwa ba, don ban ga gawa ba, ban ga makara ba.

Manhajar Damagaram na zaɓa, mara idanu. A taron da aka yi na ce saboda rezo ne, kuma gaskiya ne, da ita muke aiki har yau daga Gangara zuwa Tenhya, injin jan ruwa bai sake ɓata ba. Mutumin Yamai ya ji haushi, ya ce zai turo a kwashe masa kayansa ranar kasuwa. Likita ta ce ba za ta tare ba sai an yi wa ɗakin farar ƙasa, don haka ya ƙara ƴan kwanaki a rufe, da idon a saman ƙofa.

Tun ranar da muka je bakin hanya ban sake kunna allon Yamai ba. Ana gobe za a kwashe na'urorin, bayan azahar, na rufe ƙofar biro na kunna shi. Na ce wa kaina dubawa zan yi ko an lalata wa mutum kaya. Jerin ɗakunan ya fito, na ƙarshe fari. Na ce bari in ɗan jira, wataƙila bai gama cin abinci ba. Na zauna ina kallon gurbin nan, kwano yana ƙara a sama, ƙuda yana bin gilashin taga. Tsoron da na yi ta ji duk ya tafi, so nake kawai ya yi kore ko sau ɗaya, in san yana kwance can da hula a fuska, in je in tashe shi ya yi mini faɗa. Ban ɗauke ido ba har ladan ya kira la'asar. A nan na kifa kaina a kan tebur na yi kukan da ban yi ba ranar sadaka, har likita ta ji daga zaure ta zo tana buga ƙofa.